Ƙaiƙayin gaba ana cikin shan antibayotik

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce kina tsakiyar shan amoxicillin sai ƙaiƙayi ya taso miki a gaba, da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Wannan yana faruwa sosai. Antibayotik yana kashe har da ƙwayoyin Lactobacillus masu tsaron farji, sai Candida, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan ƙaiƙayin, ta samu sarari ta yaɗu.

Kada ki dakatar da maganin da kanki, ki fara sanar da likitan da ya rubuta shi. Abin da ake bayarwa don ƙaiƙayin shi ne clotrimazole na matsawa da na shafawa, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya. Mai juna biyu ta guji fluconazole.

Abin da ya fi damuna shi ne zuwa kemis a ce “sanyi ne”, a ƙaro wani antibayotik. Ƙara rura wutar yake yi. Haka wanke ciki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi. Ruwa zalla daga waje ya isa, ki tsane jikinki, ki sa wando na auduga.

Ki garzaya asibiti idan ruwan yana wari ko ya koma kore, ko akwai zazzaɓi da ciwon mara, ko mako ya wuce babu sauƙi. In yana yawan dawowa, a gwada sugarki.