Mai gida ya riƙe min kuɗin ajiya, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekara uku na yi ina haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Naibawa, Kano. Ranar da zan shiga, ban da kuɗin haya da la'adar dillali, an karɓi naira 150,000 a hannuna, wai kuɗin ajiya ne ko da zan lalata wani abu. Wata biyu ke nan da na miƙa makulli. Mai gidan ya ce fenti ya dushe, silin ɗin falo ya yi tabon ruwa, don haka ko sisi ba zai ba ni ba. Rasit ɗina yana nan. Ina da mafita? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kana da mafita, kuma rasit ɗin nan da ka adana ya rage maka rabin wahala.

Kuɗin ajiyar nan, wanda dillalai ke kira "koshin", amana ce a hannun mai gida. Naka ne tun ranar da ka bayar, shi dai yana riƙe da shi ne don ya cire kuɗin gyaran abin da ka ɓata da hannunka ko da sakacinka, ya dawo maka da ragowar. Yaro ya fasa gilashin taga, an karya kan famfo, an bar bashin kuɗin wuta a mita, duk wannan yana wuyanka. Amma fentin da ya sha rana da ƙurar hunturu shekara uku dole ya dushe, ko waye ke cikin gidan. Tsufa ne, kuma kuɗin hayar da kake biya duk shekara shi ya ɗauke shi. Malaman fiƙihu ma haka suka tafi a babin ijara, wato haya: mai haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai ya yi ta'adi ko sakaci.

Batun silin ya fi ci min rai. Tabon ruwa a silin daga kwano yake zuwa, kwano kuwa gyaransa na mai gida ne. Abin da zan tambaye ka: da damina ta fara yoyo, ka sanar da shi? In akwai saƙon WhatsApp ko wani da ya ji lokacin da ka faɗa masa, riƙe shi da kyau. In ka yi shiru ruwa ya yi ta zuba har katako ya ruɓe, to a nan zai samu abin kamawa.

Fara da rubuta masa takarda cikin ladabi, ka nemi ya lissafo abin da ya gyara ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa da rasit ɗin mai aiki, ka ba shi mako biyu, ka ajiye kwafi. A Legas dokar haya ta 2011 ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit na daban kan irin wannan kuɗi, ya kuma ba da lissafi a rubuce duk wata shida. Wannan dokar ba ta aiki a Kano, amma duk inda aka je, wanda ya ce an yi masa ɓarna shi zai kawo hujja. Ka kuma duba takardar yarjejeniyarku, domin abin da ka sa wa hannu shi alƙali zai fara karantawa.

In ya ƙi, ka nemi dillalin da ya haɗa ku da mai unguwa su zauna da ku. Yawancin irin wannan rigima a zaure take mutuwa, don ba dattijon da ke son a ce ya ci amana. In sulhu ya gagara, Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, a ƙarƙashin kotunan majistare. Fom ake cikewa, ba sai ka ɗauki lauya ba. Ka tafi da rasit, da yarjejeniya, da kwafin takardar da ka rubuta masa, da hotunan gidan in ka ɗauka ranar da ka fita.