Tambaya da Amsa: Daga Faifan Garmaho Zuwa Memorin Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Azare. Kwanan baya wani ɗalibina ya tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa faifan murya ko faifan bidiyo, alhali abin yana cikin waya kuma babu wani faifai da ido yake gani. Na ba shi amsa gwargwadon sanina, amma ina neman ƙarin bayani: wa ya fara ɗaukar murya, kuma yaya garmaho yake magana ba tare da wutar lantarki ko batir ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan ya samo asali ne daga faifan da iyayenmu mata suke rufe ƙwaryar fura da shi. Duk wanda ya lura da saƙarsa zai ga layi ɗaya ne yake ta kewayawa tsakanin tsakiya da baki. Da garmaho ya iso ƙasar Hausa a zamanin Turawan mulki, aka ga wani baƙin abu zagayayye mai irin wannan layi a jikinsa, sai aka ba shi sunan abin da ya yi kama da shi. Garmaho ya tafi, sunan ya zauna, har ya bi sauti zuwa cikin waya.

Wanda ya fara ɗaukar murya wani Bafaranshe ne mai suna Édouard-Léon Scott de Martinville, wanda ya yi rajistar na'urarsa a 1857. Ana magana cikin mazurari, sai wani siririn tsinke ya riƙa rawa yana zana layi a kan takardar da aka shafe da baƙin hayaƙin fitila. Shi burinsa a karanta magana da ido, bai yi tanadin a sake jin ta da kunne ba, kuma sai a 2008 ne masana a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka fitar da murya daga wani zane da ya yi a 1860. Wanda ya fara ɗauka ya kuma maido da sautin shi ne Thomas Edison na Amurka, a 1877, a kan wani ƙarfe mai siffar gwangwani da aka naɗe da takardar kuza mai laushi. Bayan shekara 10, a 1887, Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi rajistar garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai. Abin da ya ba faifai nasara a kasuwa shi ne ana iya yin uwa guda ɗaya a riƙa buga dubbai daga jikinta, kamar yadda ake buga hatimi.

Game da yadda yake magana kuwa, layin da ke jikin faifan ɗan ƙaramin kwari ne mai lanƙwasa dama da hagu daidai da yadda muryar mai waƙa ta kaɗa iska ranar da aka ɗauka. Allura tana bin kwarin tana karkarwa, karkarwar tana kaɗa wani siririn faranti, shi kuma ƙahon garmahon yana ƙara wa sautin ƙarfi. Abin da yake juya faifan wani naɗaɗɗen ƙarfe ne da ake ba wani da hannu, irin na agogon bango. Shi ya sa idan wanin ya fara saki ake jin muryar mawaƙi tana ja tana kauri kamar mai gyangyaɗi, sai wani ya yi maza ya kama mariƙin ya murɗa. Faifan yana kewayawa sau 78 a minti guda, kuma fuska ɗaya ta mai faɗin inci 10 ba ta wuce kimanin minti 3 ba. Ka auna wannan da makaɗin fada wanda a minti 3 ko gaisuwar sarki bai gama ba. Sautin ya ƙara inganci a 1925 da aka fara ɗauka da makirufo, sannan a 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai ɗaukar fiye da minti 20 a kowace fuska.

Tambaya: Ni matar aure ce a Jekadafari, cikin garin Gombe. Mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da kaset, wasu na tafsirin da ya ɗauka daga rediyo, wasu kuma na muryarsa ne da ya riƙa aiko wa mahaifiyarmu lokacin da yake zaune a Makka. Na saka ɗaya a tsohuwar rakoda sai ta cinye zaren. Shin akwai dabarar ceto sauran?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Akwai dabara, amma abu na farko shi ne kada ki sake saka ko ɗaya a waccan rakodar.

Kaset ba shi da kwari ko allura. Zarensa leda ce siririya da aka shafa wa garin tsatsar ƙarfe, kuma lokacin ɗauka kan rakoda yana jera wannan gari da ƙarfin maganaɗisu daidai da tashi da saukar murya. Valdemar Poulsen na ƙasar Denmak ne ya fara ɗaukar sauti ta wannan hanya a 1898, a kan wayar ƙarfe. Jamusawa suka mayar da abin kan zare, kamfanin AEG ya nuna na'urarsa a Balin a 1935, amma manyan injuna ne na gidajen rediyo. Kaset ɗin da muka sani kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, kuma da kamfanin ya bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, sai ya game duniya.

A ganina, a tarihin nan kaf babu abin da ya taɓa rayuwar Bahaushe kamar kaset. Garmaho baki kawai gare shi, abin da kamfani ya zaɓa shi za ka ji. Rakoda kuwa tana da kunne, kuma da batir take aiki, saboda haka har ƙauyen da babu wuta ta shiga. Da ita magidanci yake zama da azumi kusa da rediyo, yatsa a kan jan maɓalli, yana jiran a fara tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ko na Sheikh Dahiru Usman Bauchi daga Kaduna. Da ita kuma wanda bai iya rubutu ba ya daina neman mai rubuta masa wasiƙa, wanda zai ji sirrinsa. Yakan rufe ɗaki ya gaishe da kowa da sunansa, ya faɗi saƙonsa, ya ba alhaji mai komawa gida. Kaset ɗin tafsiri mai yiwuwa a sami irinsa a hannun wasu, amma muryar mahaifinku babu ita ko'ina sai cikin akwatin nan, don haka da ita za a fara.

Maƙiyan zare su ne zafi, danshi da maganaɗisu. A ɗauke akwatin daga ƙarƙashin rufin kwano, a nisanta shi da lasifika. Kowane kaset a duba gefensa na sama, inda akwai 'yan ƙananan haƙora biyu na roba, a ɓalle su, domin kada a danna ɗauka bisa kuskure a goge abin da ke ciki. A zura biro a ramin a juya a hankali a ga ko zaren yana tafiya ba tare da maƙalewa ba, a kuma duba ɗan soson da ke bayan zaren ta gaba, domin yakan ɓalle idan gam ɗinsa ya bushe. Yawanci abin da yake sa rakoda cin zare shi ne 'yar baƙar robar da take jan sa ta yi dauɗa ko ta tsufa, ko kuma bel ya saki. Tsofaffin masu gyaran rediyo sun san wannan aiki, za su goge kan da sifirit su sauya bel, kuma a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Daga nan sai a haɗa rakodar da kwamfuta ta waya a kwafe. Aikin ba ya son gaggawa, domin kaset mai minti 90 sai an ba shi minti 90 cif. Wanda ya tsinke ma kada a yar, ana iya haɗa bakin zaren, abin da za a rasa 'yan daƙiƙoƙi ne.

Tambaya: Ina sana'ar tura waƙoƙi da wa'azi a waya a kasuwar Wunti, Bauchi. Me ya sa faifan CD yake ɗaukar waƙoƙi kaɗan, amma memori ɗan mitsitsi yake ɗaukar dubbai?

Amsa: Ɗan'uwa, dalili biyu ne: memori ya fi faifan wuri nesa ba kusa ba, sannan waƙoƙin da kake turawa matsattsu ne. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa ya ajiye shi a matsayin lambobi, kuma minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10. Tsarin MP3, wanda masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da shi a farkon shekarun 1990, yana zubar da sassan sautin da kunne ba ya tantancewa sosai, kamar ƙaramar ƙarar da babba ta danne, sai nauyin ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake matse abin da aka riga aka matse, sautin yana ƙara dushewa. Saboda haka idan aka kawo maka aiki irin na Hajiyar Gombe, ka fara ajiye shi a tsarin WAV wanda ba a matse ba, ka yi kwafi biyu a wurare daban-daban, sannan ka fitar da MP3 ɗin da za a tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp.