Zagayen Tafkin Madarunfa a kan keke: wane keke, wane lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga unguwar Zariya a nan Maradi. Na kalli wani bidiyo na mutane a Ruwanda suna hawa duwatsu cikin kurmi a gefen wani babban tafki, a kan keke mai lanƙwasasshen kai irin na tsere amma tayarsa mai kauri. Abin ya shiga raina sosai. Ko zan iya yin haka a zagayen Tafkin Madarunfa? Kuma dole sai na sayi irin wancan keken?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka faranta mini rai da wannan tambaya, don ba kasafai nake samun matashin da ke son hawan keke don sha'awa ba.

Bisa yadda ka kwatanta, Tafkin Kibu ka gani, wanda ke tsakanin Ruwanda da Kwango. Akwai hanyar da ta bi gaɓarsa daga Rubabu zuwa Rusizi, tsawonta kilomita 227, hawa da gangara tun daga farko har ƙarshe. Tafkin kansa yana sama da teku da kusan mita 1,460, shi ya sa ka ga mutanen suna feda da tsakar rana ba su galabaita ba. Keken kuwa shi ne Turawa ke kira girabul, wato keken burji. A hanyoyin gonaki na Amurka ya yi suna, kuma sai a 2022 aka fara yi masa gasar duniya, a Italiya. Abin da ya raba shi da keken tsere shi ne faɗin taya: na tsere milimita 25 zuwa 28, na burji wajen 40 zuwa 45.

Madarunfa ba haka take ba. Tafkinmu, in ya cika da ruwan Gulbin Gabi, wajen hekta 800 yake kaiwa, wato murabba'in kilomita 8, alhali Kibu ya haura murabba'in kilomita 2,000. Ba mu da duwatsu, sai fadama da jigawa da gonakin hatsi. Amma kada wannan ya sanyaya maka jiki. Wahalar da dutse ke ba mutumin Ruwanda, mu rairayi ne ke ba mu ita, kuma duk wanda ya taɓa tura keke a jigawa da hantsi ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Rairayi, ƙaya da rana, su ne za ka yi wa shiri.

Don haka shawarata, kada ka zuba kuɗinka a keken burji tukuna. Tayar milimita 40 an yi ta ne don tsakuwa da marmara masu tauri. A rairayinmu nutsewa take yi kamar wuƙa a tuwo. Ga kuma matsalar kayan gyara: in tayarsa ta yage a Madarunfa, da wuya mai faci ya samo maka irinta. Ka nemi keken dutse na gwanjo mai ƙafa inci 26, da taya mai faɗin inci 2 ko fiye, wato sama da milimita 50. Wannan kusan kowane mai gyara ya san shi. Kafin ka biya, ɗaga ƙafar baya ka juya ta ka ga ko tana layi, matse birki biyun, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka leƙa mahaɗar ƙarfen jikin, musamman ƙarƙashin kai da wajen feda, ko akwai tsagewa ko tabon walda. Keken da aka yi wa walda a wuya, ko kyauta ne ka bar shi.

Yanzu maganar iska, wadda a nan mafi yawan mutane ke kuskure. Mun saba mai faci ya ɗura taya har ta yi tauri kamar dutse, saboda kwalta da ɗaukar kaya. A rairayi akasin haka ake so. In ka rage iska, tayar tana baje ciki ta kwanta a kan ƙasa, sai ta bi saman rairayin maimakon ta tona shi. Ka danna ta da babban yatsa: ta ɗan lotsa, amma in ka hau kada bakin ƙarfen ya kusa taɓa ƙasa. In ka rage fiye da kima, ka daki saiwa ko dutse, ƙarfen zai cije tub ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Da ka dawo kan hanya mai tauri sai ka ƙara iskar, shi ya sa famfon hannu ba ya barin jakata.

Ƙaya kuwa ta koya mini darasi. Wata shekara bayan girbi na ratse daga turba na bi gefen wata gona don in rage hanya. Ban yi taku ɗari ba na ji ƙafar gaba ta yi nauyi. Na sauka na duba, ga tsidau jere a jikin taya kamar an shuka shi. Na zauna a gindin gawo na ƙirga huji bakwai, facin da na zo da shi huɗu ne. Da ƙafa na ƙarasa. Tun daga ranar nake yanke bakin tsohuwar taya in shimfiɗa ta cikin sabuwa kafin in sa tub. Keken yana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau ba ya isa ciki. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun fi tsawo, su kam sai kaucewa: kada ka bi ƙarƙashinsu, kada ka jingina keke a inda aka yi shingen ƙaya. In ka yi faci, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan maƙale tana jiran sabon tub.

In ka shiga rairayi mai zurfi, ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka kai, ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka sassauta riƙon kai, kada ka daina feda, kada ka taɓa birkin gaba. Sawun amalanke da ya daddale ya fi tsakiyar turba. Sarƙa kuma kada ka labta mata baƙin mai, yashi yake kamawa ya cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, ka goge da tsumma.

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: laka ta bushe, tafki na da ruwa, tsuntsayen da ke zuwa cin rani sun sauka, masunta na ta kai da kawo a kwalekwale. Da damina taɓon fadama yana cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta ƙi juyawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, ban yarda kowa ya yi doguwar tafiya ba. Ruwa, ka lissafa aƙalla rabin lita a kowace awa, kuma ka haɗa gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ka sha ruwan tafkin, kada ka yi wanka a ciki komai zafi, saboda tsargiya.

Batun kurmi, zan gaya maka gaskiya kamar yadda zan gaya wa ɗan cikina. Dajin Baban Rafi shi ne ya fi kama da abin da ka gani, amma yana bakin iyaka da Najeriya, yankin da ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Kada sha'awa ta kai ka can. Ka tsaya a kewayen tafki da gandun dajin da ke kusa da shi, ka tambayi ma'aikatan gandun daji da mutanen gari halin da ake ciki a ranar, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

A gefen tafkin akwai kaburburan da ake kira na waliyyai 99, waɗanda tun 2006 Nijar ta miƙa sunansu ga UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da tafkin da gandun dajin. Mutane na zuwa ziyara daga nesa. In ka iso wajensu ka sauka daga keke, ka yi sallama, ka tura shi da hannu har ka wuce, kuma ka sa wando mai rufe gwiwa.

Daga Maradi zuwa Madarunfa kilomita 20 ne da ɗoriya. A fitarka ta farko kada ka ce sai ka je, ka zagaya, ka dawo duk a kan keke. Ku ɗora kekunan a mota bayan sallar asuba, kai da abokinka, ku yi awa biyu a bakin ruwa, ku juyo kafin ƙarfe 11. In ka dawo ka rubuto mini yadda tayar ta yi a rairayi, sai mu san ko za ka ƙara iska ko ka rage.