Amsa ga Nasiru kan Sulhun Ranar Ƙarshe a Tour de France

Nasiru, ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin tambayar. Ka ce ka bi Tour de France, gasar tseren keke ta Faransa, ta 2025 har ƙarshe, sai abu biyu suka ɗaure maka kai. A zangon ƙarshe ka ga mahaya sun taso sannu-sannu, suna hira, suna dafa kafaɗar juna ana ɗaukar su hoto, kamar ba gasa ake ba. Kafin nan kuma, ranar da Pogacar, wanda ya ci gasar a ƙarshe, ya faɗi saura 'yan kilomita a shiga birnin Tulus, abokan hamayyarsa suka sassauta har ya cim musu. Kana so ka sani ko doka ce, ko tsoro, ko haɗa baki. Sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Babu wata rubutacciyar doka da ta hana a kai wa mai rigar rawaya, wato wanda ke kan gaba a jimillar lokaci, hari ranar ƙarshe. Al'ada ce kawai, kuma hanya ce ta haife ta. Babban abokin gaban mahayi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Kowace ƙungiya tana fara gasar da mahaya takwas. To ka ɗauka Vingegaard, na biyu a gasar, da ke bayan Pogacar da minti 4 da daƙiƙa 24, ya ɓalle shi kaɗai a hanyar da ba tudu. Yaran Pogacar za su jeru su riƙa karɓa-karɓa a gaba, ƙungiyoyin masu fizgar ƙarshe, wato gwanayen gudun da ake yi gab da layi, su ma su sa hannu domin ranar rabonsu ce, kafin a yi nisa an haɗiye shi. Mahayan sun san wannan lissafi fiye da kowa. Bayan mako uku da fiye da kilomita 3,000 a ƙafa, ba wanda zai ɓata sauran ƙarfinsa kan abin da ba zai yiwu ba, balle ya jefa mutane cikin haɗarin faɗuwa ana gab da isa gida. Da aka daɗe a haka, sai abin ya koma ladabi: a taya zakara murna a hanya, a bar ƙungiyarsa ta jagoranci ayari wajen shiga Faris, daga nan kowa ya saki birkinsa, tsere ya kankama.

Al'adar ma ba ta kai gasar tsufa ba. An fara Tour a 1903, rigar rawaya ta shigo a 1919, amma sai a 1975 aka fara kammalawa a titin Shanzelize na Faris, inda ake zagaya da'irar kusan kilomita 7. A 1947, gasar farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jean Robic ya wayi gari ranar ƙarshe yana na uku. Zangon dogo ne, daga garin Kan (Caen) zuwa Faris, akwai kuma wani tudu bayan garin Ruwan (Rouen). A nan ya ɓalle, Pierre Brambilla mai rigar ya kasa bin sa, Robic ya ci gasar bai taɓa sa rigar rawaya a hanya ba ko sau ɗaya. A 1979 ma Joop Zoetemelk ya gwada Bernard Hinault a ranar ƙarshe, su biyu suka bar ayari baya, Hinault ya doke shi a kan layi.

Wadda za ta fi nuna maka abin da nake nufi ita ce ta 1989. Masu tsara hanya suka sa zangon ƙarshe ya zama tseren agogo, wato kowa ya fita shi kaɗai ba mai kare masa iska, daga Bersai zuwa Faris, kilomita 24 da rabi. Laurent Fignon, ɗan Faris, yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, kuma kusan kowa ya ɗauka tazarar ta yi yawa ga gajeriyar hanya irin wannan. LeMond, wanda shekara biyu kafin nan aka harbe shi bisa kuskure wajen farauta har ya kusa rasa ransa, ya fito da hular kwano mai tsini ta baya, ya ɗaura wasu ƙarafa biyu a kan kekensa, ya kwantar da hannuwansa a kai ya duƙunƙune don iska ta wuce. Fignon ya fito ba hula, gashinsa a ɗaure ta ƙeya, ga tabarau, ga kuma ciwo inda yake zama kan sirdi wanda ya hana shi sakewa. LeMond ya fi shi da daƙiƙa 58. Gasar mako uku ta ƙare da tazarar daƙiƙa 8, mafi ƙanƙanta a tarihinta, Fignon ya tsallake layi ya zube ƙasa. Ranar ba hira, ba hoto, ba sulhu, kuma ba wanda ya ce LeMond ya yi rashin kunya, tunda hanyar ta buɗe ƙofa. An sake irin wannan tsari a 2024, lokacin da wasannin Olamfik suka hana shiga Faris aka kammala da tseren agogo daga Monako zuwa Nis. Sai dai a shekarar Pogacar ya riga ya yi wa kowa nisa.

Saboda haka nake ce maka ka riƙa kallon masu zana taswira kamar yadda kake kallon mahaya. Kamfanin ASO ne ke da gasar. Christian Prudhomme ke shugabantarta tun 2007, Thierry Gouvenou, tsohon mahayi, shi ke bin hanyoyin yana zaɓen tudu da kwana. A watan Oktoba suke bayyana hanyar shekara mai zuwa a Faris, kuma daga ranar wasu mahayan sun san rabonsu ya ragu. A 2012 an zuba kusan kilomita 100 na tseren agogo, Bradley Wiggins na Ingila, gwanin wannan fanni, ya ci. A 2023 tseren agogo ɗaya tak aka sa, kilomita 22 da ɗoriya, shi ma da hawa a ciki. Mai nauyin jiki da ƙarfin cinya ba ya cin gasar da aka cika da duwatsu, komai ƙoƙarinsa.

Daga taswirar ne kowa ke tsara shekararsa. Jikin ɗan Adam ba ya zama kan ganiyarsa wata da watanni, 'yan makonni ne, sai ya fara sauka. Don haka manyan mahaya kan tafi zaman horo a kan tsauni, irin su Teide a tsibirin Tenerif ko Siyara Nebada a Sifen, inda ƙarancin iska ke sa jini ya ƙara jajayen ƙwayoyinsa. A watan Yuni su gwada ƙafa a gasar mako guda, su dawo su huta. Burin shi ne ganiyar ta faɗo daidai makon da aka ajiye manyan duwatsu. Idan an tara tsaunukan Alps a mako na uku, wanda ya zo da kaifi tun ranar farko yana iya dushewa kafin a kai can.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Ana jiran wanda tsautsayi ya faɗa wa, faɗuwa ko faci ko sarƙa ta zame, amma ba a jiran wanda ƙarfinsa ya ƙare. Ka dubi mutum biyun nan da kake ƙauna, Pogacar da Vingegaard. A 2022, zango na 18, suna gangarowa daga Spandelles a tsaunukan Pyrenees su biyu kaɗai, Vingegaard da rigar rawaya. Pogacar ya buɗe kwana da yawa, tayarsa ta hau tsakuwar gefen titi, ya zube. Vingegaard ya daina taka feda, yana waiwaye, har Pogacar ya iso da wando a yage da cinya a goge. Pogacar ya miƙa masa hannu suka gaisa a kan keke. Ba a jima ba, a hawan Hautacam, Vingegaard ya bar shi a baya ba tausayi. Shekara ta zagayo, 2023, Pogacar ya karya wuyan hannu a watan Afrilu a tseren Liyej, horonsa ya samu giɓi. Mako biyun farko ya yi ta fafatawa kamar ba abin da ya same shi, tazararsu daƙiƙa 10 kacal. A mako na uku giɓin ya fito fili: ya rasa minti 1 da daƙiƙa 38 a tseren agogo, washegari a hawan Loze, sama da mita 2,300, ƙafafunsa suka mutu, rigarsa a buɗe, fuskarsa ta yi fari. Ba wanda ya jira shi, bai kuma nemi a jira shi ba. Gasar ta ƙare da tazarar minti 7 da daƙiƙa 29. Abin da aka zo aunawa ke nan, wa ya iso da ƙarfinsa ranar da dutse ya tambaya.

Iyakar ba kullum take fitowa sarai ba. A 2010, a tudun Balès, Andy Schleck yana sanye da rigar rawaya ya kai hari, sarƙarsa ta zame, Alberto Contador ya wuce abinsa ya ci daƙiƙa 39, kuma da daƙiƙa 39 ɗin ya riga shi a Faris. 'Yan kallo sun yi masa ihu a kan dandamali. Daga baya an ƙwace nasarar saboda gwajin ƙwaya aka ba Schleck, amma gardamar sarƙar tana nan har yau. Masu kare Contador suna cewa Schleck ne ya fara tsokano faɗa, kuma sauya giya da kyau yana cikin gwanintar mahayi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka ni ina ganin da ya ɗan dakata da ya fi masa daraja, domin wanda ya jira wani yau gobe shi ma zai nemi a jira shi. Mutanen nan kusan 180 ne ke gudun kilomita 60 ko 70 a awa kafaɗa da kafaɗa, fatar jikinsu ba ta da kariya sai ɗan ƙyalle, kuma za su sake haɗuwa a gasa ta gaba. Rayuwar kowannensu tana hannun na kusa da shi. Ka lura kuma da cewa karamci ya fi sauƙi ga mai ƙarfi: ranar Spandelles Vingegaard yana gaba da fiye da minti biyu, ya kuma san abin da ke ƙafarsa.

Abin da ka gani a 2025 sabon salo ne. Bayan cincirindon da aka gani a unguwar Monmart lokacin tseren Olamfik na 2024, masu shirya Tour suka ƙara hawan tudun unguwar sau uku a zangon ƙarshe, ta wani ƙuntataccen titi mai shimfiɗar duwatsu. Wasu mahaya, har da Vingegaard, sun nuna ba su so ba tun kafin a fara. Ranar kuma aka yi ruwa, alƙalai suka tsayar da lissafin lokaci kafin a fara hawan, don kada santsi ya sauya sakamakon mako uku. Pogacar, da ba abin da zai ƙara masa, ya shiga faɗan da rigar rawaya, Wout van Aert na Beljiyam ya yakice shi a hawa na ƙarshe ya ci zangon shi kaɗai. Kallo ya yi kyau, ban musa ba.

Amma akwai waɗanda aka tauye, kuma su nake tausayi. Masu fizgar ƙarshe mutane ne masu nauyi. A kowane zangon dutse suna can baya a rukuninsu, suna lissafin minti don kada su wuce wa'adin da ake korar mutum daga gasa. Abin da ke jan su su haye Alps da Pyrenees shi ne Shanzelize, inda Mark Cavendish ya yi nasara sau huɗu a jere daga 2009 zuwa 2012. Biniam Girmay na Eritiriya, da ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a 2024, bai samu wannan damar ba domin a Nis aka ƙare, a 2025 kuma tudu ya shiga tsakani. Idan aka mayar da Monmart abin kowace shekara, wasu cikinsu za su riƙa haɗa kayansu tun kafin mako na uku, kuma wata shekara da tazara za ta kasance daƙiƙa 15, rana ta buɗe ba ruwa, na biyu zai kai hari a titin nan, ba kuwa mai ganin laifinsa. Da za a tambaye ni, sai in ce a riƙa yin sa jefi-jefi, a bar wa masu fizga ranarsu a sauran shekaru.

Idan Oktoba ta zo aka fitar da taswira, ka duba yawan kilomitan tseren agogo, da makon da aka ajiye duwatsu mafi tsawo, da abin da aka sa a kilomita 50 na ƙarshe kafin Shanzelize, sai ka rubuto mini wanda kake ganin an yi wa ɗinkin. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.