Amsa kan alaƙar haƙƙin ƙasa da lafiyar 'yan asalin yanki

Malam, ka tambaya ko mallakar ƙasa tana da tasiri na zahiri a kan lafiyar 'yan asalin yanki, ko kuwa batu ne na siyasa kawai. A ganina, abin da ya faru da al'ummar Yanomami a dajin Amazon na Brazil ya isa ya amsa tambayar.

Tsarin mulkin Brazil na 1988 ya amince da haƙƙinsu a kan ƙasar kakanninsu, aka kuma shata musu iyaka a 1992, amma gwamnati ba ta tsare iyakar yadda ya kamata ba, har dubban masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suka kwararo ciki. Masu haƙar suna amfani da zaiba, wato wani ƙarfe mai guba da yake kamar ruwa, wajen ware zinariya daga yashi, zaibar ta gangara cikin koguna ta shiga jikin kifi, alhali kifin ne abincin yau da kullum na iyalai, kuma gubarsa tana illata ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki. Ramukan da aka bari sun cika da ruwa, sauro ya hayayyafa, zazzaɓin maleriya ya kwantar da magidanta har gonakin rogo da ayaba suka lalace. Ƙarar injuna ma ta kori namun dajin da ake farauta.

A watan Janairun 2023 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya a yankin, aka riƙa kwashe yara masu tamowa a jirgin sama zuwa asibitocin birnin Boa Vista da ke arewacin Brazil.