Tambaya da Amsa: Warin da Ke Fitowa Daga AC na Mota

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Tun da damina ta kankama, duk lokacin da na kunna AC na motata da safe sai wani wari ya bugo ni, irin na tsumman da ya jiƙe ya kwana a ƙunshe, kuma sai an ɗan jima yake lafawa. Na rataya turaren mota, na turara kujeru da turaren wuta, amma abin yana nan. Wani mai gyara ya ce gas ne ya ƙare, na biya aka ƙara, warin bai gusa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɗana mai ciwon asma, wanda nake kai wa makaranta kullum. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yaro lafiya. Da farko, ki sani cewa ƙarin gas ba ya maganin wari, domin aikin gas sanyaya iska ne kawai, kuma na yi takaicin kuɗin da aka karɓa a hannunki. Warin da kika siffanta na fumfuna ne, tushensa kuwa danshi.

A can bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari da masu gyara ke kira ibafireta, wanda iska ke ratsawa ta yi sanyi kafin ta iso gare ki. Kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalbar ruwan da aka fito da ita daga firij, haka ruwa ke taruwa a jikinsa, ya gangara cikin wani ɗan tire, ya fita ta wani siririn tiyo zuwa ƙarƙashin mota. Idan ƙurar hunturu da ta daɗe tana shiga ta haɗu da ruwan nan ta zama taɓo, tiyon yakan toshe, ruwa ya kwanta a wuri mai duhu da ɗumi, fumfuna da ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa matsalar ta fi tsananta da damina, lokacin da iska ke cike da danshi.

Gwajin farko ke ma za ki iya yin sa. Ki bar AC a kunne kamar minti 10 motar tana tsaye, sannan ki leƙa ƙasa ta ɓangaren fasinja na gaba. Idan kin ga ruwa yana ɗiga, tiyon lafiya lau yake. Idan ƙasa a bushe take, ko kin taɓa kafet kin ji shi a jiƙe, to a toshe yake, sai mai gyaran AC ya buɗe shi. Daga nan sai filtar iska, wadda a motoci irin su Corolla da Camry take bayan akwatin ajiya da ke gaban fasinja. Na sha ganin an zaro ta baƙa ƙirin, cike da busasshen ganyen darbejiya da ɓawon gyaɗar da ɓera ya tara. Ana so a sauya ta bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, ko sau ɗaya a shekara, amma a ƙurarmu ta Arewa na fi son a duba ta da zarar hunturu ya wuce. Bayan haka a wanke ibafireta da maganin kumfa da aka yi don wannan aiki, a share ganyen da ke maƙalewa a gindin gilashin gaba inda iska ke shiga, a bar tagogi a buɗe har ƙarfin maganin ya fita kafin yaronki ya shiga. Turaren nan kuwa ki dakatar da shi, domin rufe wari kawai yake yi, kuma hayaƙinsa na iya tayar da asma.

Don kada warin ya dawo, idan ya rage kamar minti 3 zuwa 5 ki isa gida, ki kashe AC ki bar fanka tana aiki da ƙarfi, kuma ki mayar da maɓallin iska zuwa mai janyo ta waje, don ƙarfen ya bushe kafin a kashe mota.

Sai dai ba kowane wari ne na fumfuna ba. Ɗoyin mushe yana nuna ɓera ya mutu a hanyar iska. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi tare da hazo a gilashi alama ce ta yoyon ruwan lagireto a cikin hita. Ƙaurin roba ko na waya kuwa ba a jinkiri da shi: a kashe fanka nan take a nemi mai gyaran waya, domin yana iya zama mafarin gobara. Idan kuma warin fetur ko hayaƙin salansa kika ji, musamman tare da ciwon kai ko jiri, ki sauke gilasai, ki tsaya, ki fito da yaro, kada ki sake ɗaukarsa a motar sai makanike ya gano inda yoyon yake.