Wasiƙar Sardauna da ake yawo da ita a WhatsApp, ta gaske ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. An turo mana hoton wata wasiƙa a guruf ɗinmu wai ta Sardauna ce, wasu sun ce ƙarya ce, har musu ya kaure. Shin akwai inda aka adana wasiƙunsa da mutum zai je ya gani da idonsa?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ƙwarai akwai. Inda zan fara tura ka shi ne Arewa House da ke titin Rabah a Kaduna, harabar gidan da Sir Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiyan Arewa, a nan kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Yanzu cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Abdullahi Smith ne ya aza tubalinta a 1970. Sai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ita ma tana nan Kaduna, can fayil-fayil na gwamnatin Arewa suke jibge. Ba Sardauna kaɗai ba ma, takardun Herbert Macaulay, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin kan Nijeriya, suna laburaren Jami'ar Ibadan.

To amma kar ka je da tunanin za a ɗauko maka wasiƙa fes da sa hannu a miƙo maka, ba haka abin yake ba. A zamanin, wasiƙar ofis akawu ke bugawa da tafireta, a sa takardar kabon a tsakani, ta saman ita ake sa wa hannu a aika wa mai ita, kwafin da ke ƙasa, wata 'yar takarda shara-shara da rubutu dishi-dishi, shi ke zama a fayil. Kaga kenan sau da yawa ta gasken da za ka tarar a ma'ajiya ba ta ma da sa hannu, amma tana da lambar fayil da kwanan wata, a bayanta ga wasiƙar da ake ba amsa, a gabanta ga abin da ya biyo baya, wani lokacin har da ɗan rubutun jami'i a gefe yana cewa a duba shafi kaza. Wannan jerin shi ne shaida wallahi, ba tambarin da ke sama ba, tambari kam yaro ma zai manna da waya.

Kafin ka kashe kuɗin mota, sake karanta hoton nan a tsanake. In ka ga an ambaci naira, shi kenan magana ta ƙare, naira sai 1973 ta zo, Sardauna fam da sule ya sani. In an ce Jihar Kano ko Jihar Kwara, su ma sai 1967 aka ƙirƙiro su, bayan rasuwarsa. Haka Abuja a matsayin babban birnin tarayya, maganar 1976 ce, a lokacinsa Legas ce. Ka kuma duba kwanan watan, ya zama Firimiya a 1954, duk takardar da ta kira shi Firimiya kafin nan akwai lauje cikin naɗi. Ni kaina abin da ke fara sa ni zargi shi ne in ga wasiƙa ta yi daidai da rigimar siyasar wannan makon kamar an auna.

In ta tsallake duk waɗannan, sai ka tambayi wanda ya turo ta lambar fayil da inda ya samo ta. Ka riƙe lambar, ka ɗauki katin shaidarka, in ɗalibi ne kai ka haɗa da takardar gabatarwa daga makarantarku, ka je ka nemi ma'aikatan wurin su duba maka.